Gidan Musa Mai Inji da Kukan Ɗiyarsa

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Kwamitin Sauraren Koke-koken Gidaje da Filaye,
mai zama a Ƙauran Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da abokan zamanka na kwamiti. Ina fatan iyali suna lafiya. Allah shi ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Ranka shi daɗe, sunana Hadizatu Musa. Tsohuwar malamar firamare ce ni, a ƙasar Zurmi na yi aikina har na yi ritaya. Ka sha ganina, ko da yake ban sa ran ka riƙe fuskata ba, don masu kuka a ƙofarka suna da yawa. Ni ce tsohuwar nan mai sanda da ke zama a ƙarshen benci, kusa da randar ruwa. Na zaɓi in rubuto maka a fili, inda kowa zai karanta, ba don in kunyata wani ba. Maganata ce ke da tsawo, kuma duk ranar da na samu shiga, kafin in kai tsakiyarta an ce lokaci ya ƙure. Ina so ko sau ɗaya ne in faɗe ta daga farko har ƙarshe.

Na ɗaya, mai gidan.

Gidan da nake kuka a kansa yana unguwar bayan tashar jirgi. Tsofaffin garin nan har yau Gidan Musa Mai Inji suke ce masa, ko da yake inji ya daina kuka a wurin tun ina yarinya. Musa ubana ne.

Ba haifaffen nan ba ne. Ibo ne, daga gabashin ƙasar nan. Yana saurayi ya biyo jirgi yana aikin lebura, har jirgin ya kawo shi inda dogo ya ƙare, shi ma ya tsaya nan. Ya fara da gyaran keke a gindin wata tsamiya, sannan ya tara ya sayi injin niƙa. Kakana na wajen uwa, Malam Isa, mutumin Zurmi ne da karantarwa ta zaunar da shi Ƙaura, kuma zaurensa na kallon inda ake gyaran keken. A hannunsa ubana ya karɓi Musulunci, shi ya raɗa masa suna Musa. Bayan ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zauren, Malam ya ba shi ɗiyarsa A'ishatu, wadda muke kira Inna. An yi surutu a dangi. Malam ya ce shi bai ga inda littafi ya ce a tambayi mutum garinsu kafin a ba shi aure ba.

Mai unguwa na lokacin shi ya yanka wa ubana filin, a gaban shaidu, kamar yadda ake yi wa kowa. Ba a ba da takarda a wancan zamani, kai ma ka sani. Ana nuna maka daga wannan itace zuwa wancan, a yi fatiha, shi ke nan. Ya gina shago da ɗakin inji ta gaba da bulo, ta baya kuma ɗakunan ƙasa da rufin kwano, ya haƙa rijiya wadda maƙwabta ke sha.

Abin da na riƙe nasa kaɗan ne. Na tuna girarsa fari fat da garin gero in ya shigo cin abinci. Na tuna Hausarsa a karkace, yara na kwaikwayonsa, shi kuwa yana dariya yana ƙara karkata ta don su ji daɗi. Na tuna yana ɗora ni a kan buhu in riƙa kallon bel ɗin inji na juyawa, yana jan kunnena kada in miƙa hannu. Iyakar gadon da na ci ke nan zuwa yau.

Na biyu, fitarsa.

Ban fi shekara biyar ba lokacin da aka yi tarzomar da ta gabaci yaƙin basasa. Labarin kashe-kashe ya riƙa zuwa daga manyan garuruwa, kowane jirgi da nasa. Mutanen gabas da ke garin suka fara ɗaure kaya. Ubana ya ce shi ba inda za shi, ga matarsa da ciki, ga alƙiblarsa ɗaya da ta mutanen gari. Sai ranar da wasu samari, waɗanda Inna ta rantse ba 'yan unguwarmu ba ne, suka yi wa shagon ruwan duwatsu suna kiran sunan ƙabilarsa. Malam ya fito ya tsaya a ƙofa da carbinsa, suka watse. Amma da la'asar dattawan unguwa suka same shi suka ce, "Malam, na yau sun ji kunyarka. Na gobe ba su san ka ba, kuma ba salla za su tambaya ba, harshe za su saurara."

Wani maƙwabcinmu direban babbar mota, Malam Bawa, yana da lodin gyaɗa a ranar. Shi ya buɗe wuri tsakanin buhuna ya sa ubana, ya ja tamfol ya rufe. Abin da ubana ya ce wa Inna kafin ya hau, ta maimaita mini har na haddace: "Ki tafi gun Malam ki haihu lafiya. In ƙura ta lafa ina nan tafe." Malam Bawa ya kai shi har inda ya haɗa shi da ayarin masu tafiya kudu, ya dawo ya ce ya sauka lafiya.

Kakana Malam Isa ya dubi fuskata ya ga ta ubana ce sak, ya ji tsoro. Ya kulle gidan, ya kwashe mu zuwa Zurmi. Can aka haifi ƙanena Sani, wanda bai taɓa ganin ubansa ba.

Yaƙi ya zo ya wuce. Mutanen gabas suka fara dawowa, kuma abin alfahari ne ga garin nan cewa da yawansu sun tarar da gidajensu, wasu ma maƙwabta sun riƙe musu amana har da abin da aka samu na haya. Inna ta riƙa aikowa Ƙaura ana tambayar duk wanda ya sauko daga jirgi. A ƙarshe wani mai sayar da katako da ya san ubana ya ce ya gan shi a tsakiyar yaƙi, jiki ya kumbura da ciwon yunwa, a wata makaranta da aka tara 'yan gudun hijira. Ya ce can ma ba a saki jiki da shi ba, saboda an ga yana salla. Bai kai ƙarshen daminar ba. Ba mu san kabarinsa ba. Inna ta shiga takaba bayan mijinta ya daɗe a ƙasa.

Na uku, yadda gidan ya fita hannunmu.

Tun ana cikin yaƙi aka ɓalle kwaɗon da Malam ya sa, aka saukar da ma'aikatan tsaro a ciki. Malam ya zo ya yi magana, aka ce na ɗan lokaci ne. Daga baya aka sa gidan cikin dukiyar da masu ita suka gudu suka bari. Malam ya koma ya ce mai gidan nan ya bar mata da 'ya'ya, ga su can Zurmi da ransu, ta yaya za a ce ba mai shi? Aka ce doka ta ce mai gida ya zo da kansa. Da labarin mutuwarsa ya iso, aka ce a kawo takardar shaidar mutuwa. Ranka shi daɗe, wa ke rubuta wa mutum takarda a inda ake binne mutane babu ko likkafani?

Malam ya rasu yana cikin wannan zirga-zirga. Injin an kwance shi, ba wanda ya san inda ya nufa. Soja suka ci gaba da mulki, aka fito da dokar da ta ce ƙasa duk ta gwamnati ce, mu kuma ba mu da sauran namiji mai ƙarfin magana. Aka ja katanga aka raba gidan biyu. Ɓangaren gaba, shago da ɗakin inji, hukuma ta mai da shi sito ana ajiye takin zamani. Ɓangaren baya aka mai da shi gidan ma'aikata. Da aka zo sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, wanda ke zaune a lokacin ya saya. Da aka canza masa wurin aiki ya sayar wa wani ɗan kasuwa. Ɗan kasuwar ya rasu, matarsa Hajiya Rabi ce ke ciki yanzu da marayunta.

Ka ga kowa da takardarsa. Wanda ya saya yana da ita, wanda ya sayar yana da ita. Wanda ya haƙa rijiyar kaɗai ne ba shi da komai.

Na huɗu, Sani.

Ƙanena ya tashi da maganar gidan nan a bakinsa. Tela ne, ba mai hali ba, amma duk lokacin da aka canza gwamnati sai ya rufe shago, ya wanke rigarsa ya zo Ƙaura. In soja ne a sama a ce ya jira farar hula. In farar hula suka hau a ce ai aikin soja ne, su ba su da hannu. Da aka yanka jiharmu daga Sakkwato aka ce fayil ɗin yana can, can kuma aka ce an aiko da shi nan.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da wani jami'i ya ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asali. Da ya je nema aka tambaye shi garin ubansa, ya faɗi gaskiya. Aka ce to ai asali ta wajen uba ake bi, ya je can su ba shi. Mutumin da aka yanke wa cibiya a Zurmi, wanda ko "zo ka ci abinci" bai sani ba da yaren Ibo.

Ya tafi kuwa. Ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa, ya bi sunan ƙauyen da Inna ta riƙe, yana tambaya har ya kai. Ya ce wata tsohuwa ta fito daga bayan gida, tana ganinsa ta saki abin da ke hannunta, ta zauna a ƙasa tana kiran wani suna. Ashe ƙanwar ubanmu ce. Ta shafa fuskarsa, ta dafa masa doya, ta yini tana yi masa magana ta bakin tafinta. Amma mazan gidan suka haɗe rai. Sun ga hula da carbi, sun ɗauka rabon gona ya kawo shi. Suka ce ɗan uwansu ya tafi arewa ya sake suna, su ba su san ya haihu ba, kuma ba za su sa hannu a komai ba. Sani ya dawo a rame ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce, "Yaya, can sun ce ni Bahaushe na, nan sun ce ni Inyamuri na. To ni ɗan wa na?"

Inna ta rasu. Bayan 'yan shekaru Sani ya bi ta, hawan jini. Ya bar ɗiya biyu mata, suna gidajen mazansu, kuma sun yarda in yi wannan magana da yawunsu. Ni kuwa a lokacin na ce a bar wa Allah. Ina da ɗakina, ina da aikina, maigidana na da gona. Na ga wanda ke da inda zai kwana bai kamata ya ƙarar da ransa a bakin ofis ba.

Na biyar, abin da ya dawo da ni.

A wani ƙauye kusa da Gurbin Bore na yi aure. Can na koyar, can na haihu, can na tsufa. Ba sai na gaya maka abin da ya sami ƙasarmu ba. Da fari shanu aka kora. Sannan aka sa wa gari kuɗi kafin a bar mu mu yi shuka, aka sake sa wani kafin a bar mu mu girbe. Maigidana ɓarayin daji suka tarar da shi a gona suka tafi da shi. Da aka karɓo shi bai ƙara lafiya ba, ya rasu kafin kaka. Ranar da aka sa wa ƙauyen wuta muka fito da abin da ke jikinmu, ni da surukata da jikokina. 'Yan rasit na harajin gida da Malam ya adana, waɗanda Sani ya bar mini a gwangwani, sun ƙone tare da ɗakin.

Muka biyo mutane zuwa Ƙaura. Yanzu muna haya a wani shago da ba a gama gininsa ba. Buhu ne ƙofarmu, in an yi ruwa mu naɗe tabarmi mu tsaya. Fanshona, in ya zo, shi ne haya, shi ne hatsi. Ɗana, uban yaran, yana ci-rani a kudu, abin da ya samu ya aiko. Kuma Allah da ikonsa, shagon nan a unguwar bayan tasha yake. In na fito alwala da safe ina hango rufin gidan ubana.

Na daɗe ina wucewa ta ƙofar ban shiga ba. Wata rana ruwa ya yanke a unguwa, surukata ta dawo da jarka cike, ta ce wata Hajiya ce ke barin mutane su ja a rijiyarta. Na ɗauki sandata na je. Na yi sallama, na gaya wa Hajiya Rabi ko ni wace ce, ina jiran ta kore ni, don na san abin da zan ji in wata ta shigo ɗakina ta ce na ubanta ne. Sai ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce tun tana amarya take jin ana cewa Gidan Musa Mai Inji, ta ɗauka wani ne da ya mutu ba magaji. Ta zagaya da ni ko'ina. Ɗakin Inna yanzu madafa ce. Da zan fita ta ce, "Inna, in an ce in tashi, ban san inda za ni da yaran ga ba. Amma ba zan ce ƙarya kika yi ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Wanda aka fitar daga gida sau biyu ba ya fatan a fitar da wani.

Ina so wannan ya fito fili, don na ji ana yaɗawa wai ɗiyar Inyamuri ta zo korar marayu. Ba na neman ɓangaren Hajiya Rabi. Mijinta da guminsa ya saya, bai ƙwaci na kowa ba. Ni da 'ya'yan Sani mun yafe wannan, duniya da lahira. Abin da nake nema shi ne ɓangaren gaba, wanda har yau yana hannun hukuma. An daina ajiye taki a ciki tun da daɗewa. Kwanon ya yaye ta gefe guda, jemagu ne a sama, awakin unguwa na shiga ta inda bango ya tsage, ƙofar kuma na ɗaure da kwaɗo mai tsatsa. Ba a sayar wa kowa ba, ba a amfani da shi, ba wanda zai rasa wurin kwana in an buɗe mini.

Na shida, ni da kwamitinka.

Da aka yi shela cewa an kafa kwamitinku, duk mai kuka ya kawo, na ji kamar an sauke mini kaya. Na zo na shigar da kukana kafin azumin bara. An karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya nemi in ba shi wani abu. Aka ce tunda ba takarda, in kawo shaidun da suka san Musa da idonsu.

Mutum uku na samu da rai. Inna Kulu, wadda katangarsu ke jingine da tamu, ita ta karɓi haihuwata. Sai ladanin masallacin unguwa, wanda suka yi karatu tare da ubana a zauren Malam. Sai Malam Bawa direba, wanda yanzu yake Shinkafi wurin ɗansa.

Ranar da aka sa mana, na ɗauko Inna Kulu a babur mai ƙafa uku, ladan ya tako da kansa, ɗan Malam Bawa kuma ya biyo hanyar Shinkafi da tsohonsa, hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake bin ta. Muka zauna a benci tun hantsi har aka kira la'asar. Sai aka fito aka ce ka yi tafiyar gaggawa, za a sa wata rana. Na roƙi magatakarda ko zai ɗauki maganarsu, a rubuce ko a waya, tunda ga su sun zo. Ya ce ba shi da hurumi sai kwamiti ya zauna. Ban ga laifinsa ba, abin da aka gaya masa ke nan.

Rana ta biyu aka ce 'yan kwamiti ba su cika ba. Ta uku ta faɗo ranar hutu, ba wanda ya lura sai da muka tarar da ƙofa a rufe. Inna Kulu ta rasu da daminar nan da ta wuce. Ladan yana nan, amma tsufa ya taɓa hankalinsa. Ranar da na je gaishe shi A'ishatu ya kira ni, yana tambayata ko Musa ya buɗe inji. Saura Malam Bawa. Hankalinsa garau, amma ƙafa ta ƙi, yana kwance, kuma ɗansa ya gaya mini cikin ladabi cewa ba zai sake ɗora tsoho a wannan hanya don a ce a dawo ba. Tsohon ya aiko mini da saƙo: "Ki ce musu su yi sauri. Ni na ɗauke shi, ni na san abin da ya bari, ban son in tafi da maganar a cikina."

A zuwana na ƙarshe, bayan sallar layya, wani daga cikin abokan zamanka, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya tsaya kaina ya ce, "Hajiya, wagga magana ta tsufa. Mi za a tono yanzu, ga mutane na mutuwa kullum?" Ga amsata gare shi yanzu. Maganar a kan bencinku ta tsufa, da bencin waɗanda suka gabace ku. Kuma mutanen da ke mutuwa kullum, ni daga cikinsu na fito. Waɗanda ke kwana a kangwayen garin nan sun bar gidaje da gonaki a ƙasar Zurmi, da Birnin Tsaba, da Katuru. Wata rana in Allah ya kawo sauƙi za su koma, ko 'ya'yansu su koma, su tarar wani ya shuka gonar, wani ya ja katanga. Su ma za a ce ina takarda, ina shaida. Gonar maigidana ma an ce mini wani na noma ta bana, ban san ko wane ne ba. Yadda kuka yi da tawa, haka za a yi da tasu.

Kwanakin baya na ji wani shiri a rediyo kan Yahudawan Turai, waɗanda aka fitar daga gidajensu a yaƙin duniya, aka kashe da yawansu, sannan gwamnatocin kwaminisanci suka zo suka ce gidajen na hukuma ne. Aka ce har yau jikokinsu na bin ofis-ofis, ana neman takardun mutanen da ba a san kabarinsu ba. Wasu an mayar musu, wasu an ba su diyya, wasu sun mutu suna jira. Ban san ƙasashen ba, addininmu ba ɗaya ba, amma na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na saurara har ƙarshe. Na gane gajiyarsu. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, ashe ana iya buɗe magana bayan shekaru masu yawa a ce an yi kuskure, ƙasa kuma ba ta tsage ba.

Don haka, ranka shi daɗe, ga abin da nake roƙo.

Kafin komai, a ji ta bakin Malam Bawa. In ba za a iya tura mutum Shinkafi ba saboda hanya, a kira wayar ɗansa a gaban kwamiti a ɗauki muryar tsohon. Wannan bai kamata ya jira zama na gaba ba.

Sannan ku taka da ƙafarku ku ga ɓangaren gaba. Ba nisa daga ofishinku. Ku tsayar da duk wani mai furfura a unguwar ku tambaye shi sunan gidan.

In kun gamsu, a mayar da wannan ɓangare ga magadan Musa, ni da 'ya'yan Sani, alƙali ya raba mana yadda shari'a ta ce. In mallaka ta fi ƙarfin kwamitinku, a buɗe mana mu zauna kafin na sama su yanke. Rufin mu za mu gyara, ko da zana ne.

Kada a taɓa Hajiya Rabi da yaranta, kada kuma a tsorata su da sunana.

In kuwa kun ga ba ni da gaskiya, ku rubuto mini da Hausa ku ce a'a, ku faɗi dalili. Zan iya ɗaukar a'a. Na ɗauki abin da ya fi ta nauyi. Abin da jikina ba ya iya ɗauka kuma shi ne "a dawo wani mako".

Ba zan sake zuwa bencin ba. Ba fushi na yi ba, gwiwoyina ne suka ƙi, kuma kuɗin babur kuɗin kokon yara ne. Duk abin da kuka yanke, mai unguwar bayan tasha ya san inda nake. Ɗana ya bugo waya ya ce in ya dawo daga ci-rani zai karɓe ni zirga-zirgar. Na hana shi, na kuma sa ya yi mini alkawari. Yana da yara da zai ciyar, yana da tasa gonar da zai nema in gari ya yi lafiya. Wannan magana a kaina za ta ƙare, ko an ba ni ko an hana ni. Ba zan bar wa kowa ita gado ba.

Allah shi ja zamaninka, shi yi maka jagora, shi sa ka gama da wannan aiki lafiya. Allah shi tsare maka gidanka, kada shi nuna wa 'ya'yanka ranar da za su tsaya a ƙofarsa suna neman izinin shiga. Allah shi jiƙan waɗanda suka riga mu, shi kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, shi mai da kowa ɗakinsa.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadizatu Musa,
unguwar bayan tasha, Ƙauran Namoda.